Shekarar Wata Huɗu

Babana ya yi shekara arba'in da wani abu yana rubuta waƙoƙi da ajami, kuma a hannuna suka salwanta. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta rabi ya soma jin tausayina.

Ɗan kasuwa ne. Iyayensa daga Haɗeja suka zo Nguru, shi kuma busasshen kifi ya sayar har ƙarfinsa ya ƙare. Waƙoƙin ba don a buga ya yi su ba. Akwai na wa'azi, akwai ta shekarar da ruwa ya cinye gonakin shinkafa, akwai kuma wata doguwa da ya yi wa mahaifiyata bayan rasuwarta, wadda ban da ni babu wanda ya taɓa jin ta. Duk suna cikin gafaka biyu, gara ta ci gefen takardun, tawadar ta koɗe. Da yanar ido ta rufe masa gani, sai ya koma shafa gafakar kawai yana zaune.

Ni a lokacin ina koyarwa a makarantar 'yan mata, kuma na sayi kwamfuta ta hannu, irin mai ƙaton akwati, lokacin da wayar salula ma ba ta daɗe da zuwa garinmu ba. Kaina ya kumbura sosai da wannan kwamfutar. Ni na kawo shawarar mu juye waƙoƙin a cikinta. Duk ranar da aka kawo wuta da la'asar, sai in karanta ajamin da ƙarfi, ya gyara mini, in buga da boko.

Abokan aikina suka tsorata ni da maganar bairos, wai cuta ce da ke shiga kwamfuta ta cinye abin da ke ciki. Suka ce in sa mata antibairos. A Nguru ban samu ba, sai na ɗauke ta zuwa Gashuwa a satin Babbar Sallah, wani shago kusa da tasha. Mai shagon mutum ne mai zaƙin baki, kowa injiniya yake ce masa, ban san wanda ya naɗa shi ba. Ya zura faifai, ya kwafi wasu lambobi daga wata 'yar takarda da aka rubuta da biro, ya ce an gama.

Na ce, "Katin lambar da ke zuwa cikin kwalin antibairos fa?"

Ya ce, "Malama, kati ai kwali ne kawai. Lambar ita ce maganin. Shekara guda cur, ki je ki kwanta da hankalinki."

Na dawo gida na sa a raina cewa daga wannan Sallah zuwa ta baɗi ba ni da damuwa. Ban tambaye shi inda ake duba ranar ƙarewa ba. Ban ma san ana dubawa ba.

Bayan wata huɗu, 'yar alamar antibairos ɗin da ke ƙasan allo ta tashi daga kore ta koma ja. Na buga wa injiniya waya. Ya ce netwok take nema tunda kwamfutata ba ta hawa intanet, in rabu da ita. Na rabu da ita, har na saba da ganin jan.

Muka gama bugawa da farkon damina. Washegari Baba ya sa aka fito masa da gafakan biyu. Ya ce takardun nan babu shafin da ba shi da sunan Allah, kuma ya ga yadda ake yi da takardun mamata, wasu a tattake, wasu a ƙunshe ƙosai da su. Gara ya ƙona abinsa da ransa ya binne tokar a wuri mai tsarki.

Ya ce, "Uwata, kin tabbata akwatin nan naki yana riƙe amana?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na ce, "Baba, ya fi gafaka sau goma. Har magani na sa masa na shekara guda."

Ba ya gani, saboda haka ni na ƙyasta ashanar. Na wanke kasko, na zuba takardun kaɗan-kaɗan, yana zaune a gefe yana jan carbi. Ko shafi ɗaya ban fitar a takarda ba, wai ina jira in gama gyaran rubutu in kai Kano a buga shi littafi sukutum, in ba shi mamaki. Wannan wautar tawa ce ni kaɗai, ba zan ɗora wa kowa ba.

Ana saura sati uku jarrabawa, wata malama ta zo da filas ɗinta, ɗan abin nan na ɗaukar bayanai, ta zura a kwamfutata ta kwashi tambayoyin da na buga mata. Kwana biyu bayan haka na buɗe waƙar ambaliya don in gyara wani baiti, sai na ga wasu 'yan akwatuna da alamomi sun cika shafin. Na buɗe ta biyu, haka. Na buɗe ta mahaifiyata, ta ƙi buɗuwa gaba ɗaya. Na riƙa gaya wa kaina ai shekara ba ta cika ba, magani yana nan, gyara ne kawai.

Na naɗe akwatin da zani, na rungume shi a cinya a cikin motar Gashuwa. A Jajimaji wata tsohuwa ta tambaye ni ko rediyo ne, na ƙara ƙanƙame shi.

Injiniya ya haɗa wayoyi, ya danna wani lungu a cikin antibairos ɗin da ban taɓa dannawa ba. Kwanan wata ya fito ɓaro-ɓaro. Ya ƙare wata biyar da suka wuce.

Na ce, "Shekara ka ce mini."

Ya ce, "Shekara ce mana, Malama. Amma lambar ta kwamfuta uku ce. Wani bawan Allah a nan garin shi ya fara sawa, to daga ranar take ƙirgawa. Ke ce ta ƙarshe."

"Wata nawa ya riga ni?"

Ya duba sama yana lissafi. "Kamar takwas. Ai haka kowa yake yi. Da kin danna nan ma da kin gani."

Ni mace ce mai baki, ɗalibaina sun sani. Na faɗa masa maganganun da har yau ban yi nadamarsu ba, mutane suka taru a ƙofar shago, wani dattijo yana ta cewa in yi haƙuri. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya yi awa biyu yana laluben abin da zai iya cetowa, ya fito mini da tambayoyin jarrabawa cif, ko ɗigo bai ɓata ba. Waƙoƙin babu. Daga baya na kai Kano, mutum biyu suka gwada, duk magana ɗaya.

Na yi sati uku ban gaya wa Baba ba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka kawo wuta, ya ji fanka ta tashi, ya ce, "Uwata, karanta mini ta innarki."

Na kunna kwamfutar don ya ji ƙararta. Na zauna ina kallon allon da babu komai a kansa, na fara daga abin da na riƙe a ka. Baitocin farko suka zo daidai. Da na yi nisa kaɗan sai na kakare, na cike gurbin da kalmomina.

Ya ce, "Sake."

Na sake.

Ya ce, "Ba haka na ce da ita ba."

Nan na faɗa masa komai, ina kuka kamar yarinya. Na so ya yi mini faɗa, ko ya tuna mini abin da na ce ranar ƙonawa. Bai yi ba. Sai ya gyara zama ya ɗauko waƙar da kansa daga farko, a hankali. Ya zo daidai inda na tsaya, shi ma ya tsaya. Ya koma baya ya sake tahowa, ya sake tsayawa a nan. Bai taɓa haddace ta ba, don tun ranar da ya rubuta ta bai iya karanta ta sau biyu a jere ba.

Ya ce, "Bari, wataƙila gobe ta zo."

Ya yi shekara ɗaya da rabi a duniya bayan wannan. Sau da yawa ina wucewa ta ƙofar ɗakinsa in ji yana maimaita farkon, ya kai wurin ya yi shiru. Ni kuma in saki labule in koma, don ba ni da fuskar shiga.

Waƙar ta fi baiti sittin. Abin da ke hannuna yau tara ne, na rubuta su da biro, kuma biyu daga ciki ban tabbata ba ko nasa ne ko nawa.