Guntun Takardar da Ya Maƙale a Firintata

Firintar nan wani ɗalibin poli ne ya bar mini da zai bar Ƙaura, a shekarun da aka fara shari'a a Zamfara. Ta tawada ce, tsohuwa, kullum sai ta haɗiye takarda. Ba wanda ya koya mini gyaranta, ni da ita muka yi ta fama har na san halinta. In takarda ta maƙale, kada ka fizgo ta gaba. Kashe wuta tukuna, ka cire murfin baya, ka kama da hannu biyu ka jawo a hankali. Da damina kuwa takarda na shan danshi, ta liƙe biyu-biyu, sai ka shanya ta a rana kafin ka sa. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya ji wannan bayani, ko bai tambaya ba.

Ana gab da azumi limamin unguwarmu ya ce in buga masa lokutan salla, da aya a sama. Ina cikin bugawa aka ɗauke wuta, takarda na tsakiyar hanya. Na jawo ta baya yadda na saba, sai kusurwar sama ta yage ta zauna can ƙarƙashin robar da ke jan takarda.

Baba na tsaye a kaina. Ya ce, “Wajen ayar ne ya rage ciki?”

Na ce ban sani ba, wata takardar ta biyo ta cukurkuɗe, tawada ta ɓata saman wadda na jawo.

“To ba a sake buga komai, roba na murza sunan Allah.”

Ni ma ban ƙi ba. Abin da na roƙa kawai a bar ni in samo hantsaki in zaro shi da kaina. Sai ga Baffa, ƙanin Baba, mai gyaran babur a Zurmi, ya shigo cin kasuwa. Baba ya ce ga mai hannu ya zo.

Na ce, “Baffa, don Allah kada a taɓa cikin.”

Ya ce, “Kai yaro, injin da ka ɗaukar mutum ukku da buhun gero nika kwancewa. Wanga akwatin roba mi na ne?”

Ya sa sukudireba ya ɓalle murfin sama. A ciki akwai wata siririyar leda da ta miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, da ita mazubin tawada ke gane inda yake. Na buɗe baki zan yi bayani, Baba ya harare ni, babba na aiki. Baffa ya ce, “Ga abin da ka riƙe takardar, ko ledar kanti ba ku cire ba.” Ya sa filaya ya tsinke ta.

Da aka kawo wuta na kunna. Mazubin ya ruga ya bugi bango, ya dawo ya sake bugu, jar fitila ta kama ƙyaftawa. Na zaga Ƙaura, na je har Gusau, ba mai sayar da ledar nan.

Guntun dai ya fito a bakin filayar Baffa. Fari ne fat, gefen takarda, ko ɗigo babu. Baba ya juya shi, ya ce a dai yi hattara, ya naɗe ya tura a tsagar bangon zaure. Baffa ya wanke hannu aka kawo masa tuwo. Liman kuwa da alli ya rubuta lokutan sallar a bangon masallaci.