Ƙwayoyi Masu Jela

Mai Tabarau ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyara wa mutane gani. Shagonsa ɗan tsukuku ne tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da batir, kuma duk wanda ƙafar tabaransa ta ɓalle ya san hanya. Da bayansa ya fara ƙin zaman benci, sai ya kwashe 'yan sukudirebobinsa ya koma ɗakin baya na gidansa, ya kafa wata sana'ar da ba ta ciyar da kowa, wato leƙen ƙananan halittu a madubin likita. In an tambaye shi abin da ya kai tsoho ga wannan wasa, sai ya ce zaman banza ne ya ishe shi. Bai taɓa ba da labarin ranar da likita ya ja shi gefe ya nuna masa jinin matarsa a allo ba, shi kuma yana ta gyaɗa kai kamar ya gane, alhali ɗige-ɗige kawai yake gani. Ba a daɗe da binne ta ba ya sayi madubinsa na farko.

Masu irin wannan sha'awa ba su da yawa, amma sun san juna. Duk wanda ya tsinci tsohon ido, wato guntun gilashin nan da ake ɗaurawa a ƙasan madubi yana fuskantar abin dubawa, wurinsa yake kawowa ya yanke hukunci. Sai ya haska shi da tocila ya ga ko fumfuna ta yi saƙa a ciki, ya girgiza shi a kunne, ya murza zobensa ya ji ko ya cije. Daga ƙarshe ya soki gefen yatsansa, ya ɗiga jini a fallen gilashi. Jininsa dai ya san shi kamar yunwar cikinsa. In ido ya nuna masa ƙwayoyin jinin a karkace, to idon ne maƙaryaci.

Wata safiya abokinsa Mai Hoto ya shigo da wani abu ƙunshe cikin safa. Tsohon ido ne mai nauyi, rubutun jikinsa ya koɗe, an tsinto shi cikin kayan wani ɗakin gwaji da aka rufe.

"Wannan ɗan gayu ne," in ji Mai Hoto. "Ba ya shan man da talakawa ke sha. Sai an ɗiga masa man silikon ya tsoma baki sannan ya gani. Ga kwalbarsa."

"Kamar mai shi. Kai ma sai an shafa maka mai kake gane mutane."

"Ka duba dai, tsoho. In ya yi kyau nawa ne, in ya lalace na ba ka kyauta."

Bayan fitarsa Mai Tabarau ya zauna. Daga falo keken ɗinkin 'yarsa Auta yana ta ƙara. Ita kaɗai ta rage masa a gidan, tela ce mai hannu, kuma a 'yan watannin nan keken kan yi shiru a tsakiyar ɗinki, shirun ya daɗe. Ya ga ta rage wa rigunanta faɗi. Ya ga tana tsayawa a matakala kamar mai neman wani abu a jaka. Duk ya gani, ya ce a ransa aiki ne ya yi mata yawa.

Ya ɗauko allurarsa ke nan sai ga ta a bakin ƙofa, ta ɗaga yatsa.

"Baba, ka bar yatsunka su huta, sun zama rariya. Ga nawa, allura ta riga ta yi maka aikin."

Ya yi dariya, ya miƙa mata falle. Ta ɗiga, ta koma falo. Ya rufe ɗigon da siririn gilashi, ya sa man a hankali don kada ya kama iska, ya kusanto da idon har ya taɓa, ya leƙa.

Kowace ƙwaya tana da jela. Ba zagayayyu ba ne irin nasa. Kamar ɗigon ruwan da aka shafa da yatsa suke, dukkansu sun ja wajen taga.

Ya ɗago kai.

Maganin wannan shakka ba shi da wuya, shi da kansa ya koya wa mutane da yawa. A juya fallen. In jelar ta juya tare da shi, a jinin take. In ta tsaya tana kallon taga, idon ne ya taɓa faɗuwa, gilasan cikinsa suka goce. Aikin yatsa biyu ne. Ya kai hannu, hannun ya tsaya a gefen teburi ya ƙi gaba.

Sai ya shiga yin duk wani abin da ba shi ba. Ya ɗaga idon ya goge man, ya sa sabo. Ya murza zoben dama, ya murza hagu. Ya sauya ƙwan fitilar madubin. Ya cire tabaransa ya wanke. Duk leƙawa, jelar na nan. A falo keken ya yi shiru, ya kasa kunne yana jiran ya tashi, bai tashi ba. Tun da yake wannan aiki bai taɓa roƙon Allah ya sa kayan da aka kawo masa ruɓaɓɓe ne ba sai yau. Kuma muddin bai juya fallen ba, yana da ikon ɗora laifin a kan gilashi.

Waya ta yi ƙara, har sai da ya zabura. Mai Hoto ne.

"Yaya ɗan gayun namu? In yi masa ɗaki ko in yi masa kabari?"

"Ban gama ba."

"Kai da kake yanke hukunci kafin mutum ya zauna? Ko tsufa ya zo idon ne?"

Ya kashe wayar. Da ya juyo, Auta na jingine da ƙofa, bai san tun yaushe ba.

"Me ka gani, Baba?"

"Idon ne nake zargi. Tsoho ne."

"To ka juya fallen mana. Ba haka kake ce wa mutane ba?"

"Man bai zauna ba tukuna."

Ta dube shi irin duban da uwarta kan yi masa in ya ce ya ƙoshi alhali bai ci ba. Ta ƙaraso, ta sa yatsu biyu, ta juya fallen da kanta. Ya ji numfashinta kusa da kunnensa, gajere-gajere, kamar wadda ta yi gudu, ita da daga falo kawai ta taso.

"Duba," ta ce.

Ya daɗe kafin ya sunkuya. Ƙwayoyin sun sauya wuri, amma jelar tana nan tana kallon taga.

Dariya ta ƙwace masa, mara daɗin ji, har da tari. Ya kwance idon yana zaginsa, ɗan banza, maƙaryaci, gwanda a yi matsin takarda da shi. "Faɗuwa ya yi, Auta. Wani sakarai ya yar da shi tun kafin a haife ki. Jininki lafiya lau. Je ki ci gaba da ɗinkinki."

Ba ta motsa ba.

"Da wane idon ka ga lafiyar? Wanda ka gama zagi yanzu?"

Ya jawo akwatin da yake ajiye amintaccen idonsa, amma ɗigon ya riga ya fara bushewa ta gefe. Ya ce ta ƙara masa wani, ya kamo hannunta. Hannun sanyi ƙalau, faratan fari fat. Ya juya yatsan yana neman wurin sukar. Ba a kan yatsa take ba, inda allurar ɗinki kan ci tela. A gefe take, daidai inda shi yake sukar nasa.

Ya ɗago ya dube ta. Ta kawar da kai wajen kwalaben da ke jere a kan teburi.

"Na daɗe ina son in gaya maka," ta ce. "In na ce asibiti sai ka shige nan ka rufe ƙofa. Na rasa ta inda zan shigo maka sai ta nan."

Yana riƙe da hannun, akwatin na buɗe a gabansa. Zai iya ɗaura amintaccen idon, ya leƙa, ya ga zagayayyun ƙwayoyi, ya ce mata ba komai. Ya san za ta karɓa don ta ba shi lafiya, shi ma ya karɓa, su kai wata mai zuwa a haka. Abin da ya fi tsorata shi shi ne yadda ransa ke son hakan. Gilashi ya iya dubawa. Jini kuwa, ban da zagaye da karkace, har yau bai san komai a cikinsa ba.

Ya rufe akwatin.

"Ɗauko mayafinki."

"Yanzu? Akwai rigar da za a zo karɓa."

"Mai rigar ta jira."

Ya sa takalmi, igiyar ta gagare shi ɗaurewa, ya tura ta ciki haka nan. A matakala ta tsaya, wannan karon ba ta yi kamar tana neman komai a jaka ba, shi ma ya tsaya yana jiran ta. Da suka fito titi ta waiga.

"Baba, ka bar fitilar madubin a kunne."

"Bar ta."

"Ƙwan zai ƙone."

"Ya ƙone," ya ce. Ya san in ya koma ɗakin nan ba zai fito ba yau. Ya ƙara damƙe hannunta, ya ɗaga ɗayan yana tsayar da mota.