Kwanona a Tabarmar Ciyayya

Aikina koyarwa ne, ko da yake ban taɓa zama a aji ba. Tuƙin babbar mota nake koya wa samari a ƙasar Gabon, a sansanin wani kamfanin katako da ke tsakiyar daji. Kafin nan shanu nake ɗauka daga kasuwar Potiskum zuwa kudu. A shekarun tashin hankali motar da nake ja ta ƙone. Ba a daɗe ba matata ta rasu. Ba mu haihu ba. Na sayar da gidana, na koma wajen yayana a unguwar Hausari, nan cikin Potiskum. Wani da muka taɓa aiki tare ya ce ana neman tsohon direba da zai koya wa yara jan gungume a hanyar laka. Na tafi.

Faransancina na aiki ne kawai: tsaya, a hankali, koma baya, sake. Sauran da hannu nake yi. In ɗalibi ya saki kuloci da garaje sai in dafa gwiwarsa. In ya taka birki a gangare da kaya a bayansa sai in sauke shi ya bi motar a ƙasa. Suna tsorona, amma suna iyawa. Waɗanda na yaye babu wanda ya kifar da mota.

Ruwa ake yi kusan kullum. Riga takan kwana uku a igiya ba ta bushe ba. Masallaci mafi kusa tafiyar awa uku ce, don haka Juma'a sai na samu motar da za ta gari. Da farko abokan aiki sukan kira ni cin abinci. Ban san wanda ya yanka naman ba, nakan ce na ƙoshi. Suka gaji suka daina. Ba laifinsu ba ne. Na sayi risho na koya wa kaina girki: shinkafa, rogo, kifin gwangwani, wani lokaci tuwon garin masara. In na gama sai in zauna a bakin ƙofa in ci ina kallon motocin da aka jera.

Shekara shida na yi haka. Abin da na fi tunawa ba gidan da na sayar ba ne. Tabarmar ƙofar gidan Yaya ce. A layinmu, in an idar da magariba, maza sukan shimfiɗa tabarma a nan, kowa ya fito da kwanon gidansa. A jera su. A fara da ɗaya, a cinye, a jawo na gaba. Wannan gida tuwon gero, wancan burabusko, wani wake da shinkafa. Ana ci ana gardama. Tun da na yi aure nake zama a tabarmar nan. Da kamfani ya ba ni hutu, saboda ita na kamo hanya.

Kwana biyar na yi a mota. Na ratsa Kamaru, na shigo ta Mubi, na kwana a Biu, na biyo ta Damaturu. A Damagum masu talla suka kewaye motar da gyaɗa da dafaffen ƙwai. Ban sayi komai ba. Ina ajiye cikina.

Da la'asar na isa. Yaya ya tsufa. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya kai ni ɗakin da ke jikin zaure. An shimfiɗa sabuwar leda, an sa tebur da kujerar roba, ga ruwan gora, ga cokali a nannaɗe cikin takarda. Bayan magariba shi da kansa ya shigo da kula ya ajiye a teburin. Sai kwanukan maƙwabta suka fara shigowa, har bakwai. Ya ce in ci in huta, ya ja ƙofa.

Ta taga ina jin mazan da ke kan tabarmar. Ƙarar murfin kwano, dariya, wani yana rantsuwa a kan kuɗin bijimi. Na ce a raina baƙo kwana uku yake da shi, bari in jira.

Rana ta huɗu ma kula ta zo tebur. Na ce wa Yaya a waje nake so in ci. Ya dube ni kamar na faɗi abin kunya. Ya ce ni malami ne yanzu a ƙasar waje, duk layin sun sani, ba za a ce ya zaunar da ni a ƙasa ana zuba min ƙura a miya ba.

Washegari ban tambayi kowa ba. Na fita na zauna.

Duk suka gyara zama. Aka matsa min tsakiya. Wani ya kawo buzu. A cikinsu akwai tsohon abokina, mahauci, Babarbare ne, Hausarsa har yau da ɗan nauyinta. A da ba ya barin tsoka ta kai bakina, sai ya fizge ta ya haɗa min da zagi. Ranar ya ce min, "Ranka ya daɗe, bisimilla." Duk naman da ke cikin miya aka turo gabana. Kowa yana ci da kan yatsu. Aka tambaye ni ko gaskiya ne ruwa ba ya ɗaukewa a can, ko akwai giwa, ko suna da shanu. Na amsa. Ba a kai kwano na ƙarshe ba mutane suka fara wanke hannu.

Sai na lura da abin da ban lura da shi ba. Mu tara ne a zaune, kwanuka takwas. Kowa da na gidansa ya zo. Nawa ya daina fitowa tun ranar da aka binne matata. Wanda ya zo tabarma hannu sake, baƙo ne, ko a layin aka haife shi.

Kashegari na je bakin kasuwar shanu na sayo balangu mai yawa na ajiye a tsakiyar tabarmar. Aka yi godiya, aka sa albarka. Dattijon layin ya kasa shi takwas, kowa ya aika da nasa cikin gida, wai tsarabar Malam ce. Ko yanka ɗaya ba a ci a nan ba.

Saura kwana huɗu in koma. Na sayi ƙaramin risho, da tukunya biyu, da garin dawa, da kuka, da daddawa. Bayan la'asar na rufe ƙofar ɗakina na ɗora ruwa. Ban ga wani abu a ciki ba. Haka nake yi kullum a can.

Daddawa ba ta ɓuya. Ina cikin kaɗa miya aka buga ƙofa. Matar Yaya ce. Ita ta tarar da ni ina saurayi a gidan nan. Ita ta yi min abincin tafiya duk shekarun da nake hanya, ita ta yi jinyar matata. Ba ta taɓa zuwa ƙofar ɗakin nan ba. Ta kalli rishon, ta kalli muciyar da ke hannuna.

Ta ce, "Ƙanena, me na rage ka da shi?"

Na ce babu.

"Gishiri ne bai ji ba, ko hannuna ne ba ka so?"

Na ce ba haka ba ne.

"To kashe min wutar nan. Kafin isha duk Hausari za su ji cewa baƙo ya hura wuta a gidana."

A lokacin na tuna. Namiji ba ya ɗora tukunya a gidan da mace ke girki, sai in yana so ya ce ba ta ciyar da shi. Na sani tun ina yaro. Zaman daji ne ya goge min. Ina da bayani, amma bakina bai saba da doguwar magana ba. Abin da ya fito shi ne, "Tuwon ya riga ya nuna."

Ta juya ta shige.

Da aka idar da magariba na ɗauki kwanon na fita na jera shi cikin sauran. Labari ya riga ni zuwa. Yaya ya kawar da kai. Aka ci kwano uku, nawa yana zaune.

Mahaucin ne ya jawo shi. Ya buɗe, ya gutsura, ya tauna. Ya ciro gudaji daga bakinsa ya ɗaga wa mutane.

Ya ce, "Wannan tuwo ne ko tsakuwar kwalta? Shi kake ci a can shekara shida? Shi ya sa wuyanka ya koma na zalɓe."

Na ce in ba zai ci ba ya turo min abina.

"Zan ci, don kada a ce gwauro ya yi girki an bar masa. Kai, matsa can, ka tare min miya."

Ya ture gwiwata. Wani ya ɗanɗana ya ce kukar ta yi yawa, za a iya liƙe taya da ita. Wani ya ce gishirin Gabon ne ba shi da ƙarfi. Hannaye suka shiga. Da aka jawo kwano na gaba na kai hannu kan tsoka, mahaucin ya riga ni, ya kira ni da sunan banzan da yake kirana da shi tun muna samari. Aka koma gardamar wani dillali da ya sayar da saniya mai ciwon kofato. Ba wanda ya sake tambayata giwa. Na ci har na kasa tashi. Yaya bai taɓa kwanona ba.

Da safe na shiga cikin gida don in ba matar Yaya haƙuri. Daga cikin ɗaki ta amsa gaisuwata. Na tsaya a tsakar gida kaɗan, na fito.

Da yamma Yaya ya fito da kwano biyu maimakon ɗaya. Ya ajiye ɗaya a gabana. Tuwon gero ne da miyar yakuwa, an zuba man shanu.

Ya ce, "Ta ce wannan naka ne, ka jera. Ta ce kuma ka fitar mata da rishon nan daga gida."

Na ba mai shayin bakin layi rishon. Kwana uku kwanona yana fitowa. Kwana uku ina cin abinci ana ture ni.

Ranar tafiya matar Yaya ba ta fito ba. An ba Yaya ƙullin yaji da dakakkiyar kuka ya miƙa min, bai ce daga wa ba. Ya raka ni tasha, muka yi sallama.

Wata takwas ke nan da komawata. Akwai wani tudu a bayan gareji inda waya ke kamawa. Ranar Lahadi nakan hau in kira gida. Wani lokaci ita ke ɗauka. Takan amsa sallama, ta ce lafiya lau, ta miƙa wa Yaya.