Hoton Talakawan Amirka a Ajina

Shekarata ta farko a makarantar sakandare ta garin Malanville ni malamar kwantiragi ce, wato in shekara ta ƙare sufeto bai sa hannu ba, sai in koma kasuwa in taya inna auna shinkafa. Inna kuwa ba ta ɓoye cewa hakan zai yi mata daɗi. Kullum cewa take, “Alli mi ya taɓa ba wani in ba tari ba?”

A lokacin hutu aka tura mu horon malaman tarihi a Parakou. Wata tsohuwar malama ce ta koyar da mu, gajeruwa, mai muryar da ta fi ta girma. Ta ce mu bar shibta wa yara tarihin Amirka kamar muna karanta musu farashin kaya. Mu ba su abin da mutanen zamanin suka bari da hannunsu, su duba, su yi tambaya: wa ya yi wannan, yaushe, don me? Ta raba mana kwafin tsofaffin hotuna. Nawa na wasu manoma ne a zamanin da tattalin arzikin Amirka ya rushe, fari kuma ya kore su daga gonakinsu. Miji da mata da yara tsaye gefen wata akwalar mota, an ɗaure katifa a sama, yaran ba takalmi, rigar matar duk faci. Na dawo gida ina ji da hoton nan kamar sabon zane.

Sai aka ce sufeto na tafe. Abokan aiki suka taru a kaina. Mutumin nan, in ji su, allo yake dubawa. In bai ga darasi a rubuce layi-layi ba, to, kin gama yawo. Ki ajiye hotonki sai ya tafi. Ni kuwa Allah ya yi ni da taurin kai, in aka ce kar in yi abu, ƙafata har ƙaiƙayi take. Na ce da hoton zan shiga.

Ranar ya zo ya zauna a bencin baya, dogo, fuska ba annuri, jaka bisa cinya. Na raba hoton, na ce da Faransanci, “Ku duba da kyau. Me kuka gani?”

Suka yi ta jujjuya hoton. Can wani yaro ɗan ƙauyen Garou, babba a ajin, ya ce, “Madam, wannan hoton ƙarya ne.” Aji ya ɗauka, kowa na cewa ƙarya ne. Na ce, don me? Ya ce wa ke zuwa ɗaukar hoto da tsumma?

Nan na gane inda aka dosa. A garinmu hoto ba abin wasa ba ne. Sai da Sallah ko biki ake zuwa wurin mai hoto, a yi wanka, a sa kaya mafi kyau, wanda ba shi da su ya ara. Akwai agogon hannu guda da na sani ya shiga hoton samarin unguwarmu kaf. A bayanka kuma ga labule mai zanen jirgin sama. Yaran nan ba su taɓa ganin wanda ya tsaya gaban mai hoto a yadda talauci ya same shi ba.

Wata yarinya a gaba, ƴar masu sayar da albasa, wadda ba ta cika magana ba, ta manta da Faransanci ta saki Hausa tsagwaronta, a gaban sufeto, alhali an hana Hausa a aji! Ta ce, “Madam, in dai gaskiya ne, to waɗanga su ne kayansu na fita. Mi suka sawa cikin gida ke nan? Kuma ba su da maƙwabta da za su ara musu?”

Na saci kallon baya, na ga sufeto ya rufe jakarsa. Na ce a raina shi ke nan, inna ta samu mai auna shinkafa. Tunda ta ɓaci, na ce bari in ƙarasa. Na tambaye su, to idan ba su suka je wurin mai hoto ba fa? In shi ya zo ya same su a hanya, wa ya aiko shi, me yake so a gani? Kai, sai gardama ta kaure. Wani ya ce ɗan jarida ne, wata ta ce mai neman a tausaya musu ne. Da na gaya musu gwamnati ce ta riƙa aika masu hoto don mutanen birni su ga halin da manoma ke ciki, ɗan Garou ya ce to ai shi ma mai hoton ya zaɓi labulensa, motar nan ce jirgin samansa. Daɗi ya kama ni har na manta da wanda ke baya. Aka buga ƙararrawa, ba wanda ya tashi, allona kuwa fes, ko kwanan wata ban rubuta ba.

A ofis sufeto ya dube ni ya ce, “Madam, ba ki rubuta komi ba. Kuma an yi Hausa a ajinki.” Na ce haka ne, Yallaɓai. Ya juya hoton a hannunsa, ya ce tambayar maƙwabtan nan ta tsaya masa a rai, zai kai ta makarantar garin Guéné ya ji me yaran can za su ce. Ya sa hannu a takardata, ya jefa hotona cikin jakarsa, ya fita. Har yau bai maido mini ba, kuma ban yafe ba.

Da na gaya wa inna an sabunta mini aiki, ta yi tsaki, ta ce shinkafa dai ta yi rashi. Sannan ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciya, ta ce a ara mata leshin nan mai ruwan zuma, yau za ta ɗauki hoto da Madam.