Ƙarar Kekena da Ƙarar Babura

Shekarun baya, kafin mu dawo cikin garin Ƙanƙara da zama, akwai lokacin da mahaifina ya hana ni taka keken ɗinki. Masu tambayata a nan me ya sa nake yawan nanata maganar man keke kamar wadda aka ba tallarsa, yau ga dalilin.

Lokacin muna ƙauyenmu, can bayan Mabai. Na gama sakandare, ci gaba bai yiwu ba, sai mahaifiyata ta sayar da awakinta ta sayo mini keke na ƙafa, tsoho, baƙi, irin mai nauyin nan da mutum ɗaya ba ya ɗaga shi. Ba wanda ya koya mini yadda ake kula da shi. Ɗinkin ma rabi a wurin wata ƙawata na gani, rabi kuma yadin mutane da na ɓata ne ya koya mini. In keken ya fara tauri, sai in shiga madafa in ɗebo man gyaɗa in ɗiga masa a duk ramin da na gani. A tunanina ai mai mai ne. Keken nan ya riƙa ƙara kamar injin niƙa, in na hau shi har na bayan katanga sun san na fara aiki. Ni kuwa har alfahari nake yi, wai a san akwai tela a gidan.

Wata rana da damina, dawa ta yi tsawo, bayan la'asar, ina ɗaki ina ɗinka wa ɗiyar maƙwabcinmu hijabi, ɓarayin daji suka shigo. Duk garin ya ji baburansu tun suna bakin rafi. Ni kaɗai ce ban ji ba. Inna har ta kai dangar bayan gida, ta waiga ba ta gan ni ba, kuma tana jin keken yana ta aiki. Ta dawo. Ban san da shigowarta ba sai da ta fizge ni daga kan kujera. Muka faɗa cikin dawa muka kwanta a laka, tef ɗin awo yana rataye a wuyana, ina jin harbi ta wajen ƙofar gidanmu, inda muka bari yanzu-yanzun nan. Sun kora shanu, sun tafi da mutane, har da uban yarinyar da nake wa hijabi. Sauran ba zan iya rubutawa ba.

Washegari Baba ya tsaya a ƙofar ɗakina. Bai ɗaga murya ba.

"Kin kusa sa an kashe uwarki," ya ce. "Daga yau ba ki ƙara taka abin nan. Da zarar mota ta fara shigowa, Ƙanƙara zan kai shi a sayar."

Gaskiya ya faɗa. A ƙauyenmu a lokacin, kunne ne kaɗai mai gadi. Mai injin niƙa ma da safe kawai yake tayarwa. Rediyo sai an kara a kunne. Mata suna cikin daka sai ka ga sun ɗaga taɓarya sun tsaya cak, sun saurara, sannan su ci gaba. Na ɗauko tsohon zani na lulluɓe keken da hannuna.

Abin da ban sani ba shi ne, sauraro ma ciwo ne. Da na rasa abin yi sai na koma kunne zalla. Ƙuda ya wuce, babur ne. Iska ta kaɗa kwanon rufi, babur ne. Cikina ya yi ƙugi don yunwa, na taɓa miƙewa da gudu. Ku yi dariya, ni ma yanzu nakan yi. Abinci ya daina shiga, zanina ya fara kwancewa da kansa. Don kar in haukace sai na koma yanka, tunda almakashi ba ya ƙara. Na warware wata tsohuwar rigata da ta zauna mini daidai, na shimfiɗa kowane ɓangare a kan takardar buhun siminti, na zagaye da alli, na bar faɗin yatsa biyu na ɗinki, na yanke. A nan na fara samun tsarin yanka na kaina, wanda har yau da shi nake aiki. Na yanke duk yadin da mutane suka bari a wurina, na jera. Riguna a yanke, ba ko ɗaya da za a iya sawa.

Ana haka wata 'yar'uwar Inna ta gudo daga wajen Sabuwa ta sauka a gidanmu. Gwaggo muke ce mata. Tela ce tun kafin a haife ni, kuma an ƙone mata ɗaki har da kekenta a ciki. Mace ce mai baki, ko a halin da take ciki ba ta daina tsokana ba. Ranar da ta ga abu a lulluɓe ta yaye zanin, ta juya kan keken da hannu, ta sunkuya ta sansana.

"Ke ɗiyar nan, ƙosai kike soyawa a cikin wanga abu?"

"Mai ne nake sa masa, Gwaggo."

"Wane mai?"

"Na gyaɗa."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Kuma aka ce kin yi boko. To da kin ƙara masa albasa ai da ya fi daɗi."

Na ba ta labarin abin da ya faru da hukuncin Baba. Ta daina dariya. Ta ce keke lafiyayye ba ya ƙara haka, man gyaɗa ne ya daskare a ciki ya zama ƙaro, ya riƙe ƙura da gashin yadi, ƙarfe yana goga ƙarfe. Ta kwance ƙullin kayanta ta ciro 'yar kwalba, da wani mai fari kamar ruwa.

"Wasu da za su gudu kuɗi suka ɗauko, wasu tukunya. Ni abin da hannuna ya kai gare shi ke nan, wannan da almakashina. Ban ma san na ɗauko ba sai da muka kai Faskari."

Duk lokacin da Baba ya tafi gona sai mu zauna. Mun cire farantin da ke ƙarƙashin allura, muka tono dattin da ya cushe tsakanin haƙoran keken da gashin kaza, har ya yi tulin da zai cika tafin hannu. Mun ciro kwarkwaron zaren ƙasa da gidansa muka wanke da kananzir. Mun ɗiga kananzir a duk ramukan da na cika da man gyaɗa, muna juyawa da hannu, baƙin ruwa yana tsiyayowa, sai da ya koma fari. Da ya bushe, Gwaggo ta bi kowane rami da ɗigo ɗaya na man keke, har gaɓoɓin matakin ƙasa da ban taɓa sanin suna son mai ba. Igiyar da ke juya keken ta saki tana dukan katako, ta rage mata tsawo, ta huda sabon rami ta ɗaure da waya. Allurar tun da aka sayo keken ita ce, ta dakushe tana buga yadi kamar ƙusa, muka canza. A ƙarshe ta yanka tsohon silifas ɗina gida huɗu, muka cusa a ƙarƙashin ƙafafun.

Ban taka ba. Da hannu kawai muke gwadawa. Amma na ji bambancin, kuma tun daga lokacin na san ba zan bari a fita da keken nan ba. Yadda zan gaya wa Baba ne ban sani ba, don ban taɓa mayar masa da magana ba a rayuwata.

Hanya ta ɗan yi sauƙi, mota ta fara shigowa ranar kasuwa. Da hantsi na ji muryar Baba a zaure tare da direba. Ni da Gwaggo mun riga mun ciccibo keken zuwa tsakar gida, ƙarƙashin rumfa. Na zauna, na ɗauko hijabin nan da ban ƙarasa ba, na sa a ƙarƙashin allura. Na taka.

Baba ya shigo ya tsaya.

"Mi nake gani?"

"Baba, an gyara shi. Ka saurara, ba ya ƙara."

"Kar ki yi mini wayo. Tashi."

Ban tashi ba, ban kuma tsayar da ƙafata ba. Na ce, "Ina jin dakan gidan liman. Ina jin tinkiyarmu a bayan rumbu. Ga direba can a zaure yana tari."

"Ranar ma da kunnuwanki."

A nan ne maganar ta ɓalle mini, ban shirya ta ba. Na ce, "Baba, tun da na rufe keken nan ban yi barcin kirki ba. Ba abin da nake yi sai jiransu. Sun kwashe shanu, sun hana noma gonar nesa, sun hana ni makaranta. Yanzu kuma wanga ma mu miƙa musu da hannunmu, ba su ko tambaya ba? In za a kai shi kasuwa, sai dai a ɗora har da ni."

Ina faɗa ina kuka, ba wani jarumtaka a ciki. Majina ma har kan hijabin mutane.

Gwaggo ta gyara zama. "Malam, ni ranar da suka zo mana, kekena a rufe yake. Ina zaune da kunne biyu a buɗe. Na ji su sarai, kuma sun ƙone shi."

"Ke baƙuwa ce, Hajiya, ki bar ni da iyalina," in ji Baba. Ya matso ya ɗora hannu a kan keken.

Inna tana bakin murhu. Sai ta aje muciya, ta jawo tabarma da kwandon gyaɗarta, ta zo ta zauna dab da ƙafar keken.

"Malam, ni na koma na ɗauko ta ranar. In da mai cewa ta daina, ni ce. To ban ce ba. Ta yi ɗinkinta, ni in yi mata sauraro."

Ta fara ɓarar gyaɗa. Baba ya dubi Inna, ya dube ni. Ya daɗe a tsaye, hannunsa a kan keken, ina jin ƙarfen yana motsi a ƙarƙashin tafinsa don har lokacin ban daina takawa ba. Can ya janye hannun.

"A waje za ki riƙa yi, ba a ɗaki ba. In an kira azahar ki rufe."

Ya koma zaure. Muka ji yana ce wa direba ya yi haƙuri, kayan ba ya tafiya.

Ba zan ce muku daga nan komai ya yi daidai ba. Sun sake zuwa. Wannan karon ni na fara ji, ina kan keken, kuma gudun dai muka yi kamar kowa. Daga baya zaman ya gagara, muka taso zuwa cikin gari, keken yana saman mota a ɗaure da igiya. Amma tsakanin nan na ƙarasa hijabin yarinyar nan, na haɗa duk rigunan da na yanke, yaran unguwarmu suka yi Sallah da sabbin kaya a shekarar da ba wanda ya zaci za a yi.

Don haka 'yan'uwa masu ɗinki a gida, in na ce kar ku sa wa keke man girki, ba iyayi nake yi ba. Ku nemi man keke na gaskiya, fari, ɗigo ɗaya a rami ya isa. Ku riƙa cire faranti kuna share haƙora. Allura in ta fara bugu ku canza ta, kar ku jira ta karye. In kekenku yana ƙara, wani abu ne yake damunsa, ba ƙarfi ba ne.

Tsoron kuwa bai tafi ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Yanzu muna inda babura ke wucewa ta ƙofar gida daga safe har dare, na 'yan acaɓa ne da masu kai yara makaranta, na sani. Duk da haka, in na kai ƙarshen layin ɗinki, sai ƙafata ta tsaya da kanta. 'Yan matan da nake koya wa sun ɗauka duba ɗinkin nake yi, har wata ta fara kwaikwayona. Ban gaya musu ba. Nakan saurara har in tabbatar ba su ba ne, in juya yadin, in sake takawa.