Maganganun Hajiya a Ƙarƙashin Littattafai

Shekaru da yawa Hajiya ta yi tana gina jagororin bincike na laburarenmu da ke unguwar Maamobi a Accra. Ita ce babbarmu a wurin aiki, a hannunta na koyi komai. Kowane fanni da shafinsa a intanet: cinikin goro, zuwan kakanninmu Accra, rubutun ajami, lafiyar masu juna biyu. A ƙarƙashin kowane littafi takan sa 'yar magana tata. Wani ta ce a fara da shi don gajere ne. Wani ta ce marubucinsa bai taɓa taka unguwanninmu na Zongo ba, a karanta da lura.

Bayan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita, kwamitin laburare ya ba ni aikin sabunta shafukan. Gaskiya suna bukatar gyara. Ba sa buɗuwa da kyau a waya, ɗalibai kuwa duk da waya suke shiga. Sabon tsarin da aka zaɓa sunan littafi da na marubuci kawai yake ɗauka. Na tambayi inda zan sa maganganunta, aka ce babu gurbi. Ban ja da su sosai ba, don ina ɗokin a ga aikina. Na kwashe su cikin wani fayil, na ce sai daga baya.

Wata Asabar na taka zuwa gidanta a unguwar Nima don in nuna mata sabbin shafukan. Na same ta a tsakar gida, jingine da bango. Ni na riƙe mata wayar, domin hannunta na dama ba ya ɗaukar komai. Ta ce in buɗe na goro. Ta daɗe tana kallo, tana sa ni in ja ƙasa, in ƙara ja, har shafin ya ƙare.

"Ya yi tsaf, 'yata," in ji ta, harshenta da nauyi. "To, wanda ya zo bai san komai ba, wa zai ce masa ga inda zai fara?"

Na ce maganganunta suna nan a ajiye, zan mayar da su. Ta gyaɗa kai, ta shiga tambayata lafiyar mahaifiyata.

Wata uku na yi ina bin kwamiti kafin su yarda a ƙara wurin sharhi. Saura mako biyu a buɗe shi Allah ya yi mata rasuwa.

Bayan sadakar bakwai na zauna ina mayar da maganganun ɗaya bayan ɗaya. Da na kai shafin ajami, na tarar ta rubuta a ƙarƙashin wani kundi cewa ita ma ba ta gama fahimtarsa ba, mai bukata ya same ta a ofis su karanta tare. Na rasa yadda zan yi da shi. Ban goge ba, ban kuma iya sa shi ba. Na kashe kwamfutar, na fita baranda na zauna har aka kira la'asar.