Gasayar da Ban Shuka Ba

A ranin da ya biyo bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano na fara noman kabeji a fadamarmu ta Tarai. Ban taɓa noma shi ba. Wani abokina direba mai jigilar kaya daga Rano zuwa birni ne ya zuga ni, ya ce a can ba ya kwantai. Na yi renon iri, na dasa, na zuba takin shanu da na kwaso a wata tsohuwar ruga.

Kabejin bai gama kama ƙasa ba sai ga gasaya ta tsiro a tsakaninsa, har ta fi shi murna da ruwan. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ta, da ganyenta mai yatsu biyar da farin furenta. A dafa ta, a zubar da ruwan ɗacin, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. A taki ta zo, ni ban gayyace ta ba.

Malamin gona da ya zagayo daga Kibiya ya ce in tuge ta duka, domin 'yar'uwar kabeji ce ta nesa, tsutsar da ke cin wannan za ta ci wancan. Na dubi kabeji, na dubi gasaya, ban ga inda suka yi kama ba. Da na faɗa wa mahaifiyata, sai ta ce kul na taɓa ta, warinta ne ke korar ƙwari. Na rasa ta wa zan bi, sai na tuge rabi na bar rabi. Tsutsa ta zo ta ci ko'ina. Malamin gona ya leƙa ya ce ai ga shi nan, Inna ma ta leƙa ta ce ai ga shi nan.

Tsofaffin mata kan biyo ta lambun su tsinki gasayar, ban taɓa kulawa ba. A lokacin kuwa duk majalisar da ka zauna hirar hukuncin sata ake yi, rediyo ma haka. Wata rana da hantsi wata tsohuwa maƙwabciyarmu, sa'ar Inna, ta yi sallama da ni a zaure, ta durƙusa. Na ce don Allah ta tashi, ta ƙi.

"Gafara na zo nema," in ji ta. "Na sha cin gasayarka ban tambaya ba. Kada in mutu da ita a wuyana."

Na ce, "Iya, ai ba tawa ba ce. Ciyawa ce."

Ta ce in ba tawa ba ce, ta wa ce? Wa yake sayen man injin ban ruwa? Na ce na yafe, amma har ta fita ban san abin da na yafe ba.

Bayan la'asar na kai wa limaminmu maganar. Da farko ya ce abin da Allah Ya tsirar da kansa, jama'a duk suna da rabo a cikinsa. Da na ambaci takin da ban ruwan, da cewa da gangan na bar rabin, sai ya shafa gemu ya ce to, ta sake zani. Ya ce zai duba. Kafin nan, mafi sauƙi in halatta wa kowa, a huta. Na amince, ladan ya sanar bayan sallar magariba cewa gasayar lambun nawa sadaka ce.

Washegari lambun ya cika. Har waɗanda ba su taɓa cin ta ba sun zo, aka tattake mini kabeji da dama. Tsohuwar kuwa ba ta sake zuwa ba. Ta aiko wa Inna cewa ita ba ta kai ga cin sadaka ba tukuna.

Ba a yi nisa ba kawuna ya kira ni, ransa a ɓace. Ya tambaye ni yaushe na yanke shawarar tsayawa takarar kansila ban shawarce shi ba, kuma a wace jam'iyya. Wai gari ya ɗauka, tunda an ji sunana a lasifika ina rabon abinci. Na rantse masa, ya ce duk haka suke cewa da farko.

Kansilan da ke kan kujera ya daina amsa gaisuwata. Sai bayan zaɓe, da ya koma kujerarsa, ya tsayar da babur ɗinsa a bakin kasuwa ya miƙo mini hannu, ya ce yaya lambu. Na ce lafiya lau. Ya yi dariya ya wuce, na tsaya ina tunanin ko lambun yake nufi.